Filin Likitan Dabbobi: Kare ya hana tagogin gida sakat

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. A Barnawa muke zaune, cikin Kaduna. Bara ɓarayi suka haura mana katanga, sai maigida ya sayo kwikwiyo irin manyan nan na Jamus da ake ce wa karen 'yan sanda. Yanzu watansa 14. Gadi kam yana yi, tun zuwansa ba mu ƙara jin motsin kowa ba, amma ya hana tagogina sakat. Sau uku ana canza ragar tagar falo da ta kicin yana yayyagawa. Gilashin duk ya yi zane-zane, ga yawu, ga sawun taɓo tun da damina ta sauka. Kullum sai na sa yarinya ta goge, washegari kamar ba a taɓa ba. Maigida ya dake shi har ya gaji, mai gadi kuma ya ce a barbaɗa barkono a bakin tagar. Da rana a keji yake, sai bayan isha'i ake sakinsa. Gidan haya ne, mai gidan har ya fara magana. Yaya za mu yi? Daga uwargida a Barnawa.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya tsare gaba. Abu na farko, don Allah a ajiye maganar barkonon nan. Na sha karɓar karnuka idanunsu a kumbure suna tsiyayar ruwa, in na tambaya a ce shawarar wani aka bi aka zuba yaji inda ba a son su je. Kare da hanci yake gane duniya, duk abin da ya tarar sai ya shinshina, kuma barkonon da ya shiga masa hanci da ido yana iya rage amfanin da aka sayo shi dominsa. Ga iska kuma, in ta kaɗa cikin falo za ta maido muku da shi, kan 'ya'yanku. Kananzir da fiya-fiya da wasu ke yayyafawa sun ma fi wannan muni, domin guba ne da ke iya kashe shi.

Duka kuwa kin ga amsarsa da idonki, an yi an gaji, raga ta uku ta tafi. Kare ba ya haɗa horo da laifin da ya daɗe da wucewa. Abin da ya same shi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan ya yi abu, shi yake dangantawa da abin. Ya yaga raga ƙarfe biyun dare, Alhaji ya fito bayan sallar asuba ya ɗauki bulala, to abin da karen ya koya shi ne fitowar Alhaji da asuba wahala ce. Sunkuyar da kai da matse wutsiya da yake yi, har mutane su ce ai ya san laifinsa, tsoro ne kawai. Namijin irin wannan kare yakan kai kilo 30 zuwa 40. Dabba mai wannan girma da aka saba mata da duka abin damuwa ce a gidan da yara ke yawo, domin ranar da aka ritsa ta a lungu ba ta da abin kare kanta sai haƙori.

Abin da nake so ku gano shi ne me ke kai shi tagar. Gida yana da bango ta ko'ina, amma tagogi biyu ya zaɓa, ke nan akwai abin da yake samu a wurin. Ku kashe fitilar falo dare biyu ko uku, mutum ɗaya ya zauna shiru yana kallo ta gefen labule. Ni ma sai da na yi haka kafin na gane nawa.

Lokacin ina zaune a Samaru, Zariya, ina da wani baƙin kare ɗan gida, Duna muke ce masa. Tagogin gidan irin na da ne, masu falle-fallen gilashi da ake kira luba. Farkon wata damina ya fasa mini falle biyar cikin mako biyu, na ƙarshen ya tsaga masa dagi sai da na ɗinke shi da hannuna, yana kuka ina jin abin har cikin raina. Dare na uku da na zauna a duhu na ga yadda abin yake. Akwai ƙwan fitila daidai saman tagar. Ruwan farko ya sauka, shinge da sauran ƙwari sun yi dandazo a hasken, tsaka uku ko huɗu sun fito kan raga suna cin ƙwarin, shi kuma Duna tsakar yake farauta. Washegari na kira mai gyaran wuta ya mayar da fitilar can kusurwar katanga, kamar taku goma daga tagar. Har na tashi daga gidan ban sake sayen gilashi ba. Tunda kin ambaci saukar damina, ki fara duba fitilar da ke saman tagar falonku.

Ta kicin ba ta da wuyar ganewa. Ƙwayoyin jin ƙanshi a hancin irin karenku sun haura miliyan 200, namu ba su wuce miliyan 5 zuwa 6 ba. Tukunyar miyar da aka ajiye bakin taga ta huce, ko kwandon shara da ke jingine ƙasanta, a wurinsa kamar kira ne da babbar murya. Sannan ki tambayi yarinyar da ke taya ki aiki, cikin lalama ba da faɗa ba, ko ana jefa masa ƙashi ko guntun tuwo ta wannan tagar. A gida tara cikin goma da na bincika sai in tarar wani yana yi. Ko sau ɗaya a mako ne ya isa, har ma ya fi ƙarfafa halin a kan kullum, domin bai san daren da za a dace ba, sai ya riƙa gwadawa kowane dare. Abincinsa ya zama wuri ɗaya, a kwanonsa, nesa da kicin.

Tagar falo kuma ku yake nema. Asalin wannan kare na kiwon tumaki ne. Wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar masu kiwon irinsa a 1899, kuma an zaɓo shi ne don ya wuni tare da makiyayi yana jiran umarni. Yana jin muryoyinku da ƙarar talabijin, sai ya miƙe ya dafa. Wani ya ɗaga labule ya daka masa tsawa, a wurinsa an kula shi ke nan, gobe zai dawo. Akwai wasu abubuwa biyu da za ki duba. Idan kuna kunna na'urar sanyaya ɗaki, sanyi yana tsiyayowa ta gefen taga, kare kuwa ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake huce zafi, don haka duk inda sanyi yake nan zai manne. Idan kuma gilashinku irin mai sheƙi ne kamar madubi, da zarar kun kashe fitilar ciki ta waje tana kunne, kansa zai gani a jiki. Yawancin karnuka ba sa gane hotonsu, sai ya ɗauka wani kare ne ya shigo masa gida ya afka masa.

Amma uwar matsalar tana cikin jimlarki ta kusa da ƙarshe, inda kika ce a keji yake wuni. Kare ɗan wata 14 matashi ne, ƙarfinsa ya kawo, hankalinsa bai gama zama ba. An kulle shi tun hantsi ko kafin nan har isha'i, wajen awa goma sha biyu, sannan aka buɗe masa farfajiyar da ba abin yi a cikinta. Ƙarfin da ya tara dole ya sauke shi a kan wani abu, in ba raga ba to tayar mota ko shanyar da aka manta a igiya. Na san abin da ake faɗa, wai kulle shi ke sa kare zafi. Na daɗe ina jayayya da wannan magana kuma ba zan daina ba. Kulle yana haifar da kare mai firgici wanda ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Mai gadin kirki shi ne wanda ya san mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya san ƙarar da aka saba ji a unguwa, don haka in ya yi haushi kun san da dalili.

Irin wannan kare yana bukatar motsa jiki na awa ɗaya zuwa biyu a rana. A sa masa igiya a fita da shi bayan asuba, sannan da yamma in rana ta yi sanyi. Kafin a ɗora shi kan kwalta a taɓa ta da bayan hannu, in hannu bai jure ba dagi ma ba zai jure ba. In fita unguwa da shi zai takura wa maƙwabta, kuma haƙƙinsu abin kiyayewa ne, a jefa masa ƙwallo a farfajiya minti ashirin safe da yamma. Abincin dare kar a zube masa gaba ɗaya, a warwatsa rabi a lungunan gidan ya bi da hanci yana nema, wannan yana gajiyar da shi fiye da yadda ake zato. A ba shi babban ɗanyen ƙashin sa ya yi ta gwaigwaya, a ɗauke in ya fara farfashewa. Dafaffen ƙashin kaza kam a'a, tsagewa yake kamar allura ya huda hanji. Kejin kuma a duba shi da rana tsaka, in rufin kwano ne a ƙara masa inuwa, kar ruwa ya yanke a ciki.

Sai koyarwa, wadda ba ta bukatar kuɗi sai haƙuri. Ki dafa hanta ba albasa ba yaji, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ki yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Ku zaɓi kalma ɗaya, misali "sauka", kowa a gidan ita zai faɗa, daga Alhaji har mai gadi. Da yamma a kawo shi kusa da tagar da igiya a wuya. Da ya ɗaga ƙafa a ce "sauka" murya a kwance, a ja shi baya kaɗan, ƙafafunsa huɗu na taɓa ƙasa a miƙa masa hanta nan take. In ya wuce ta gaban tagar bai dafa ba, wannan ma a ba shi. Minti biyar sau biyu a rana ya fi awa guda a ranar Asabar. Sannan a shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo a wani wuri da yake hango ƙofar gida, a riƙa ba shi lada in ya kwanta a kai. Kare mai gadi yana son mazaunin da zai sa ido, in ba ku ba shi ba zai zaɓa da kansa.

Kafin koyarwar ta kama jikinsa, wanda yakan ɗauki makonni, dole a kare tagar, domin duk daren da ya samu ya dafa ya mayar da aikin baya. Yadda ake gini a nan, ƙarfe yana ciki, gilashi a tsakiya, raga a waje, wato mafi rauni ita aka sa a gaba. Ki kira mai walda ya yi firam da waya mai kauri, mai ƙananan idon da dagi ba zai shiga ba, ya rufe rabin tagar na ƙasa ko fiye, gwargwadon inda karen ke kaiwa in ya miƙe. Ya bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da ragar, in ba haka ba nauyin karen zai danna wayar ta taɓo ta. Ya sa masa maɓalli da sakata yadda za a buɗe a wanke gilashi, kuma ya goge duk wani tsini. Da kusoshi masu juyi za a ɗaure, don ranar tashi ku kwance abinku, wannan zai kwantar wa mai gidan hankali in kun nuna masa. Ragar kanta, irin ta roba mai laushi ba ta jure farce ko ɗaya, ta ƙarfe ta fi. In walda ta yi tsada a yanzu, jera manyan tukwanen fulawa na siminti a gaban tagar yana hana shi samun wurin tsayawa.

Zanen da ke jikin gilashin yana da wani bayani da zai ba ki mamaki. Akwai ma'aunin taurin abubuwa da ake kira ma'aunin Mohs, daga 1 zuwa 10. Farce yana wajen 2.5, gilashin taga wajen 5.5, ƙwayar yashi kuwa 7. Abu mai laushi ba ya zana wanda ya fi shi tauri, don haka farcen kare shi kaɗai ba ya yanka gilashi. Yashin da ya maƙale a daginsa shi ke yi. Kuma a nan zan ce a duba yadda ake gogewar safe. Idan yarinya ta ɗauki busasshen tsumma ta murje busasshen taɓo, ta yi wa gilashin abin da karen ya yi masa, wataƙila ma fiye. Haka da hunturu, ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, akwai ɓurɓushin yashi a cikinta, shi ya sa direban da ya san aikinsa ba ya goge gilashin mota a bushe.

A fara kwara ruwa sosai har taɓon ya jiƙa ya gangara da kansa. Sannan soso mai laushi da ɗan sabulun wanke-wanke, a ɗauraye. Tabon yawu da na hanci, da fararen ɗigon da ruwan rijiyar burtsatse ke bari, ruwan khal, wato vinegar, ke fitar da su, kofi ɗaya a kofi ɗaya na ruwa. A tsane da robar nan ta masu wankin mota ko tsohuwar jarida, da sassafe ko da yamma, domin a rana ruwan yana bushewa kafin a gama ya bar sawu. Kada a taɓa haɗa khal da Hypo ko Jik, hayaƙi mai guba suke fitarwa. Zanen da ya riga ya yi, ki ja farcenki a kai, in bai maƙale ba na sama ne, a bar shi. In ya maƙale ko akwai tsaga, a canza kafin ya fashe a ƙafar wani, kuma a nemi gilashi mai tauri irin na tagar gefen mota. Ya fi na gama-gari ƙarfi kamar sau huɗu, in ya fashe kuma rugurgujewa yake kamar tsakuwa maimakon dogayen tsini. Da wuta ake gasa shi ya yi wannan taurin, kuma ba ya yankuwa bayan an gasa shi, don haka awon ya zama daidai tun farko. Ƙasan tagar a zuba tsakuwa ko a daɓe da siminti faɗin taku biyu, taɓon zai ragu ƙwarai. Farcensa kuma a rage duk mako uku ko huɗu, in kina jin ƙas-ƙas yana tafiya kan tayil ya yi tsawo. Karon farko likita ya nuna muku, akwai jijiyar jini a ciki da ba a so a yanka.

TAMBAYA: Barka da aiki Likita. Ni tawa ƙarama ce, fara mai dogon gashi, Lhasa, a cikin ɗaki take. Kullum tana kan bayan kujera hancinta a manne da gilashi, duk wanda ya wuce sai ta yi masa haushi. In na dawo daga aiki sai in tarar ta ja labule ƙasa. A Disambar da ta wuce da yara suka yi ta fasa nakawut har katakon tagar ta gwaigwaye. A bene nake, hawa na biyu. Daga wata ma'aikaciya a Jos.

AMSA: Barka kadai, ƙanwata. Leƙen taga gadon gidansu ne. A Tibet aka raini irinta, aikinta zama cikin gidaje da wuraren ibada ta yi haushi in baƙo ya doso, manyan karnuka suna waje. Kuma kullum tana ganin nasara: mai ruwa ya zo wucewa, ta yi haushi, ya wuce. Shi tafiyarsa yake, ita kuwa a ganinta ita ta kore shi. Sau talatin a rana haka, wane horo zai yi gogayya da wannan? Ki janye kujerar daga jikin tagar, shi ne rabin maganin. Sauran rabin, akwai leda mai hazo-hazo da masu gilashi ke mannawa, irin ta tagar banɗaki, haske yana shiga amma ba a ganin waje. A manna daga ƙasa zuwa sama da inda idonta ke kaiwa, kuma ita za ta riƙa ɗaukar tabon hancin maimakon gilashin. Da tsumma mai laushi ake goge ta, ban da reza.

Labulen da take ja bayan kin fita shi ya fi damuna. Ki jingine tsohuwar waya ta ɗauki bidiyon rabin awar farko bayan fitarki. In kin ga ta yi ɗan zagaye ta kwanta, can daga baya ta tashi ta kama wasa da labule, kaɗaici ne da rashin abin yi, yawon safe da abin gwaigwaya za su gyara. In kuwa tun rufe ƙofa take haki, tana dalala, tana kai da komo tsakanin ƙofa da taga tana kuka, wannan tsoron rabuwa ne, ciwo ne na gaske, faɗa kuma ƙara shi yake. Ana saba mata a hankali, ki ɗauki makulli ki ajiye ba ki fita ba, ki fita minti ɗaya ki dawo, sannan biyar, sannan goma, ba dogon sallama ba ɗokin dawowa. In ya yi tsanani akwai maganin da likitan dabbobi ke rubutawa. Kar ki ba ta na barci ko na ciwon jiki na mutane, ibuprofen kaɗai yana iya lalata mata ciki da ƙoda.

Lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, ki fita da ita tun kafin magariba, sannan ki sa ta a ɗakin da ya fi nisa da titi, taga a rufe, rediyo a kunne, da wata tsohuwar rigarki a shimfiɗarta. Gwaigwayar katakon neman hanyar gudu ne. Tunda a bene kike, kada ki dogara da ragar sauro, kare a firgice yana faɗawa ta cikinta kamar babu. Igiyar labule ma a naɗe ta sama, tana shaƙe su.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da kare a gidan gonata saboda ɓarayin kaji. Yana lasar gilashin tagar ɗakin da muke salla in mun je, iyalina ke gogewa. Shin sai an wanke sau bakwai da ƙasa? Kuma yawun ba ya cutarwa? Daga wani manomi a Kura, jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a gona. Ajiye kare don tsaron dabbobi da shuka yana cikin abin da hadisi ya ware a fili, tare da na farauta, kuma malamai da yawa sun haɗa gadin gida a kai in bukata ta kama. Masu sharhin Risala suna kawo labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka tuna masa Imam Malik ya karhanta haka, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Game da yawu, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, duk mai rai tsarkakakke ne, har guminsa da yawunsa. Wanki bakwai da ya zo a hadisi sun ɗauke shi a kan ƙwaryar ruwan da kare ya sha a ciki, bin umarni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hambaliyya su ne ke ganin najasa ce mai nauyi, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. A kan Malikiyya ke nan, ruwa da sabulu sun wadatar wa taga da tsumma da hannu. In kana son fita daga saɓani ka yi bakwai ɗin, ka dama ƙasa mai laushi ka tace, ka kwara ruwan a kai ba tare da murzawa ba, in ba haka ba yashin zai zane gilashin. Mafi sauƙi, ɗan shingen waya taku biyu daga tagar ɗakin sallar.

Ta fuskar lafiya, abin tsoro a yawun kare shi ne ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar ba ta daɗewa a waje, yawun da ya bushe a gilashi cikin rana ba ya ɗauke da haɗari. Hanyarta cizo ne, ko yakushi, ko ɗanyen yawu ya taɓa rauni, ido ko baki. Don haka in Hajiya tana da yanka a hannu ta sa safar roba ko ta bar wa wani. A yi wa karen allurar rigakafi tun yana wata uku, a maimaita duk shekara, a ajiye katin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana cikin masu haɗa wannan allura, asibitocin dabbobi na jiha kuma suna yi wa karnuka ita.

Lasar gilashi da ya saba yi ba alamar komai ba ce, sau da yawa raɓar safe yake bi, ka duba ko kwanon ruwansa yana bushewa. Amma idan wata rana halinsa ya juya farat ɗaya, ya kama cizon ƙarfen taga ko katako ko dutse, yawu yana zuba ba ya iya haɗiyewa, muryarsa ta canza, ko haɓarsa ta saki, kada kowa ya sa masa hannu a baki da sunan ciro ƙashi. A rufe shi inda yake, a janye yara, a kira likitan dabbobi. Wanda ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cif, ya wuce asibiti a ranar a fara masa allura, kada ya tsaya jiran ganin abin da zai samu karen.